Turaren Wuta a Ɗaki na Bakwai

Ni kaɗai ce mace cikin masu koyon haɗa na'urar gano gobara a wani sabon gini a Gwarzo. Farkon ƙaddamar da Shari'a ne, ba a haɗa maza da mata, sai aka ware mini ɗaki na bakwai. Malam ya ce kowace na'ura da lambarta, da ta ji hayaƙi allon bakin ƙofa zai nuna ɗakin. Na ce a raina, cika baki ne.

Ranar jarrabawa, wadda mutum uku kacal za a ɗauka aiki, na riga kowa gamawa. Ɗakin na warin fenti, na ga bai dace Malam ya shigo haka ba. Na karɓo garwashi wurin mai shayi, na zuba turaren wuta.

Jiniya ta ɗauka. Maza suka yi waje, wani ko takalmi babu. Ni kuwa na ƙame gaban allon, baki buɗe. Ga bakwai nan ɓaro-ɓaro. Ikon Allah, ƙarfe ya san inda nake.

Malam ya shinshina, ya ce, "Haɗinki ya yi, Malama. Turaren na Maiduguri ne?"

An ɗauke ni. Amma har yau in na shigo ofis, sai wani ya ce, "Ku kashe allo, ga Hajiya Bakwai."