Ranar Da Na Ƙaryata Kaina a Jega

Tun muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, kafin a ba mu tamu jihar, na wallafa bincike kan yadda saƙon rigakafi ke isa ƙauye. Shekaru suka shuɗe, ba wanda ya ambace shi.

A wani taron ma'aikatan lafiya a Jega, wata ungozoma daga Maiyama ta karanto cewa manoman albasa sun fi yarda da mai shela fiye da rediyo. Na miƙe, na gyara babbar riga, na ce wanda ya rubuta wannan bai taɓa taka Aliero, garin albasa, ba.

Ta duba takardarta. "Malam, ai maganakka ta. Ga sunanka."

Ita kaɗai ta taɓa kafa hujja da ni. Har yau abokaina kan tambaye ni, "Kun shirya da marubucin nan?"