Hatimin Lafiyarsa Lau, Zinarin Ne Ba Shi da Lafiya

Jama'a, yau ma da godiya zan fara, don an ce yaba kyauta tukuici. Ina gode wa Masu Girma da suka tsara mana layin mai, domin ba don layin ba da ban samu sukunin zama na duba dukiyata ba. Tun hantsi nake kan babur ina turawa da ƙafa, taku ɗaya hutu goma. Da zaman ya ishe ni sai na ce bari na leƙa jakar da maiɗakina ta rataya mini, na tabbatar ajiyar tana nan. Na buɗe, na zura hannu, ban ji komai a ƙasan jakar ba. Na sake lalubawa, babu. Sai da na ɗaga murfin na ga abin a sama, ya manne da maɓallin jakar kamar jinjiri a bayan uwarsa.

Maɓallin nan na maganaɗisu ne, abin da ya manne masa kuma sandar zinarinmu ce. Ban yi nisa a karatu ba, amma na san maganaɗisu ƙusa yake ja da allura da murfin kwalba. Ban taɓa jin ya yi abota da zinari ba. Na ɓamɓare, na sake matsawa da shi kusa, ya sake tsalle ya kama, har da 'yar ƙara.

Bari na koma baya kaɗan don wanda bai san gidanmu ba. Maiɗakina tela ce, kuma tana da awarwaro na zinari da ta gada wajen mahaifiyarta. Shi ne abin da muka ajiye don aikin idon Inna, mahaifiyata, wadda yanar ido ta rufe mata ido biyu har ta kai ga da murya take gane jikokinta. Likita ya ce a jira yanar ta nuna tukuna. Muna cikin jiran ne maƙwabcinmu ya shigo da shawara. Mutumin nan tsohon ma'aikaci ne, shugaban masu tara zinari na unguwarmu, kuma ba ya taɓa zinarinsa sai da farar safar hannu, shi ya sa kowa ke ce masa Mai Safa. Duk ƙarshen mako 'yan ƙungiyarsa na taruwa a falonsa, a kunna fitila mai haske, a jera sandunan zinari a kan baƙin ƙyalle, kowanne cikin robarsa, a yi ta kallo ana gyaɗa kai kamar an zo barkar haihuwa.

Shi ya ce mana awarwaro zinarin ƙauye ne, in an tashi sayarwa maƙeri zai ce akwai gauraye ya zabge rabi. Sanda kuwa, in ji shi, tana zuwa a rufe cikin roba da hatimin ofishin tantancewa, ba mai yi maka gardama. A lokacin kuma wani Mai Girma na ta shela a rediyo cewa zamanin cuta ya wuce, duk zinarin da ke ɗauke da hatiminsu a rufe ido a saya. Mu kuwa muka rufe. Aka narka awarwaro, muka dawo gida da wani abu da bai kai kwalin ashana ba, yana sheƙi a cikin roba.

Doka ɗaya ce a wannan harka, kuma Mai Safa ya maimaita mana ita har muka haddace: ba a buɗe robar. Ranar da ka fasa ta, hatimi ya mutu, zinarinka ya koma abin zargi, ba mai saye da daraja. Wato in kana son sanin ko na gaske ne sai ka buɗe, in ka buɗe kuma ka yi asara ko da na gasken ne. Mutane masu gemu da furfura sun shekara suna cinikin biri a sama, kowa na taya kowa murna.

To, likita ya ce yanar ta nuna, a kawo Inna. Mai sayen zinari ya ce sai an sabunta hatimi kafin ya karɓa. Hanyar ofishin nake ke nan layin mai ya tsare ni.

Allah da ikonsa, motar Mai Safa na cikin layin a bayana, ya buɗe duk ƙofofi yana fifita da jarida. Na jingine babur na je na nuna masa abin al'ajabi. Ya sa safarsa tukuna, ya karɓa, ya kai sandar kusa da maɓallin, ta kama. Ya ɓamɓare, ya sake gwadawa. Ta sake kamawa.

"Maƙwabci, robar ce," in ji shi. "Robobin yanzu akwai sinadari."

"To mu gwada da naka mana, yallaɓai. Na san ba ka fita ba tare da guda a aljihu ba."

Ya dafe aljihun rigarsa da hannu biyu. "Nawa ba ya son zafin rana," ya ce. Ya miƙo mini kayana, ya rufe ƙofar motar, ya ɗaga gilashi a cikin wannan zafin. Ban ji haushinsa ba, tausayi ma ya ba ni, don duk abin da ya tara a shekarun aikinsa yana kwance a kan baƙin ƙyallen nan.

Da na samu ɗan man da ya jiƙa tanki sai na nufi ofishin. Kai, masu karatu, in kuna neman inda harajinku yake kwana, ku je ku sha kallo. Gini ne na gilashi tun daga ƙasa har sama, da maɓuɓɓugar ruwa a tsakar gida wadda ba ruwa a cikinta sai busassun ganye. Sababbin motoci sun yi sahu a inuwa, direbobinsu na barci a ciki da na'urar sanyi a kunne, da man da na wuni ina bara. A zauren shiga kuwa ga wata ƙatuwar na'ura, tsayinta ya kai firji biyu, an kewaye ta da jan zare. Na tambayi masinja mece ce wannan.

"Na'urar gwajin zinari ce, baba. Daga waje aka kawo ta. Tana ganin cikin ƙarfe kamar yadda likita ke ganin ƙashi."

Na ce alhamdulillahi, faɗuwa ta zo daidai da zama, a gwada mini nawa.

"Ai ba a buɗe ta ba. Ka ga tana cikin ledarta."

"Me ake jira?"

"Mai Girma ne zai zo ya yanke zare. Kuma kamfanin sun ce in aka cire ledar kafin injiniyansu ya zo, ba ruwansu da ita."

"Yaushe injiniyan zai zo?"

"Sai Mai Girma ya sa rana."

Nan na gane ashe dokar Mai Safa daga sama ta sauko. Zinari a cikin roba, na'urar da za ta gwada shi a cikin leda, kowa na tsoron ya buɗe kada gaskiya ta sha iska ta lalace.

Aka shigar da ni wajen Ranka Ya Daɗe Sarkin Hatimi, wani mutum mai laushin murya da zobba a yatsu uku. Ya karɓi sandar, ya ɗauko gilashin ƙara girma, ya duƙufa a kan hatimin, ya juya shi dama, ya juya shi hagu, ya hura masa iska ya goge da hannun riga. Zinarin da ke ciki ko kallon banza bai yi masa ba.

"Madalla," ya ce. "Hatiminmu ne, lafiyarsa lau."

"Ranka ya daɗe, zinarin fa?"

"Me ya same shi?"

Na ɗora jakar a teburinsa, na tura sandar kusa, ta yi tsalle ta kama maɓallin a gaban idonsa. Ya kalli abin kamar yadda ake kallon yaron maƙwabta in ya yi rashin kunya, ya sa yatsa ya raba su.

"Malam, mu hatimi muke tantancewa. Abin da ke cikin roba ba sashenmu ba ne."

"Sashen wa ne?"

"Na wanda ya rufe robar."

"Shi kuma wa ya ba shi hatimin?"

"Mu, bayan ya nuna mana robar a rufe take."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan aiki naku akwai tsari." Ya ji daɗi, ya yi murmushi, ya buga sabon hatimi a gefen tsohon. Da na miƙe sai ya rage murya, irin ta mai ba ɗan'uwa shawara. "Ka ga, malam, kada ka wahalar da kanka. Yanzu hatimi biyu gare ka, duk wanda ka kai wa zai saya da gudu. Ka dai canza jaka."

A bencin waje na tarar da wani dattijo da hula a gwiwa. Ya ga abin a hannuna, idonsa ya yi haske. Ya ce shi maigadi ne, ya ajiye aiki, an ba shi ɗan abin sallama, 'ya'yansa sun ce ya sayi zinari kada kuɗin su narke. Ya zo ne ya tambayi inda ake samun mai hatimi na gaskiya.

"Ɗan'uwa, ko naka na sayarwa ne? Ga shi kuwa da hatimi har biyu."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na so na sayar masa. Na so ƙwarai. Na ga Inna tana laluben bango tana neman butarta, na ga hannun maiɗakina ba awarwaro, na ji wata murya na ce mini ai kai ma haka aka yi maka, kuma hukuma da kanta ta ce lafiya lau. Bakina ya buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Sai na yi shawara da gida." Ban ce masa e ba, ban kuma gaya masa gaskiya ba, na karɓi lambarsa na fito ina jin kunyar kaina.

A gida na tarar da maiɗakina a kan keken ɗinki, Inna na zaune a tabarma kusa da ƙofa inda take ɗan ganin haske. Na kwashe labari na faɗa, har da na dattijon. Maiɗakina ta saurara har ƙarshe. Ta tsayar da keken, ta miƙo hannu, na ba ta. Ta ɗauki babban almakashinta na yankan yadi.

"Ke, tsaya. In kika yanke shi ke nan fa, ba mai saye."

"Shi ya sa zan yanke, Baban yara. Na san ka. In abin nan ya kwana a rufe, gobe za ka kira tsohon nan, jibi kuma ka kasa cin abinci."

Ta datse robar ta tsakiyar hatimi biyun. Sandar ta faɗo a kan teburin. Ta kankare gefe da bakin almakashi, ruwan zinarin ya tashi kamar ɓawon albasa, baƙin ƙarfe ya leƙo. Ta daɗe tana kallonsa, ta shafa wuyan hannunta inda awarwaron mahaifiyarta yake zama, idonta ya kawo ruwa. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata, don na san abin da aka narka ba zai dawo ba.

Inna ta ce, "Auta, me ya faɗi?"

"Zinarin ne, Inna. Ƙarfe ne ashe."

"To. Ni da ba na gani ban saya ba, ku masu ido biyu-biyu kuka saya." Ta yi 'yar dariya, sannan ta ce, "A bar aikin idon nan. Na ga duniya iya gani, abin da ya rage ba mai kyau ba ne."

Wannan maganar ce ta tashe ni. Na kira dattijon na ce masa kada ya sayi nawa, kada ya sayi na kowa sai ya je da maganaɗisu a aljihu. Daga nan na tura babur ɗina zuwa wajen dillali, da ɗan man da na sha rana a kansa, na sayar, na dawo gida a ƙafa. Ranar da likita ya sa ba za ta tashi ba, Inna za ta je.

Sandar kuwa ta samu aiki. Maiɗakina na danne yadi da ita in tana yanka, ta ce ba ta taɓa samun madanni mai kyau irinsa ba, sai dai ya yi tsada. Mai Safa ya aiko a gaya mini kada na zo taron ƙarshen mako, wai an samu ƙorafi a kan jakata. Na ji kuma an kafa sabuwar doka a falon: duk mai shigowa ya bar waya da makulli da jakar matarsa a bakin ƙofa.

Saura godiya ta ƙarshe, don ni ba butulu ba ne. Shekara da shekaru Masu Girma na yi mana alkawarin cewa talaka zai daina bin layin mai, muna cewa ƙarya ne. To ni dai nawa ya cika. Gobe in kun hango wani yana wuce layin a ƙafa, riƙe da hannun wata tsohuwa, ku ɗaga masa hannu, ni ne.