An Shafa wa Gawar Gajera Fenti

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta da niyyar hucewa nan kusa, ni uwar maƙerin ƙarshen layi nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta, manoma, mahauta da duk wanda aka taɓa ƙera wa ko da basilla a gidanmu, rasuwar uwar maƙerarmu, wato ƙarfen da ake ɗora jan ƙarfe a kai a daka, wadda muka fi sani da Gajera. Ta cika ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a kan kututturenta, a gaban ɗana. Amma gaskiyar magana tun kafin nan ta mutu. Gawa aka dawo mana da ita an yi mata kwalliya. Ni ban iya riƙe biro ba, matar ɗana ce take rubutawa, sai dai kowace kalma daga bakina ta fito, kuma na gaya mata in ta tausasa ko guda zan sa a karanta mini in gane.

Ba daga kanti aka ɗauko marigayiya ba. A tsakar gidan nan aka haife ta, ina goyon ɗana. Maigidana, Allah Ya ji ƙansa, ya gaji da daka a kan wani guntun ƙarfe mai tsalle kamar kwaɗo, sai ya shiga yawo wajen masu tsofaffin ƙarafa. Ya samo guntun ƙarfen ƙafar babbar mota, ya zama gangar jikinta. Ya samo yankin sifirin mai kauri, ya zama fuska. Wani sandan inji kuma ya yi ta gurza har ya yi tsini, shi ne ƙahon. Sannan ya aro injin walda.

Ba ɗorawa ya yi ya liƙa kawai ba. Sai da ya gurje bakin kowane guntu ya yi masa kwari, don waldar ta shiga har ciki kada ta tsaya a leɓe. Ya tura su cikin gawayi, ni ina kan zugazugi, har suka yi zafin da in ka tofa yawu sai ya yi rawa ya ɓace. Ya ja layi ɗaya ya kankare ɓawon, ya ja wani a kansa ya kankare, haka har rana ta juya. Da ya gama bai bar iska ta taɓa ta ba. Tokar murhuna da ta maƙwabta muka kwaso muka rufe ta, ta huce a hankali kamar mai jego. Ni na riƙe awartaki lokacin da ake haɗa ƙahon. Ya ce in kawar da kai, na kawar, sai na ji ƙahon yana zamewa, na waiwaya, tartsatsi ya faɗa mini a idon hagu. Tun ranar ba na gani da shi. Don haka duk mai shirin ce mini ƙarfe ne kawai, ya fara zuwa ya dubi fuskata tukuna.

Marigayiya ba ta da kyau, ba zan yi mata ƙarya don ta mutu ba. Gajera ce, baƙa, da ɗinkin walda a wuya kamar tabon ƙuna. Amma an dake ta safe da yamma shekara da shekaru ba ta lotsa ba. In ka saki guduma a fuskarta sai ta dawo maka da ita hannu, ba ta riƙe kayan mutum. Ba ta taɓa ƙyashin ɗakin wani ba. Akwai masu ƙafa biyu a danginmu da ba za a faɗi haka a kansu ba ranar da aka shimfiɗe su.

Ɗana ba ya ji, ba ya magana, haka Allah Ya ba ni shi, kuma shi kaɗai ne. Ubansa ya ɗora masa hannu a kan masaba tun yana ƙarami, yau ga shi da furfura a gemu da iyalinsa. Mutanen layin nan da suke ce masa Bebe a bayan ido, in fartanyarsu ta karye tsugunawa suke yi a gabansa suna kwatance da hannu, su fita suna cewa Maƙeri ya ce gobe. Gajera ce ta sa ake tsuguna masa. Kuma ita ce muryarsa. Ina ɗaki in na ji tin, tin, tin a jere, na san lafiya ya tashi. In sun saɓa da matarsa na sani, dukan ya fi sauri. In ni yake nema sai ya bugi fuskarta babu komai a kai, tin-tin, ya tsaya. Ranar da aka haifa masa 'yar fari fita ya yi ya yi ta bugunta ko wuta bai hura ba, har maƙwabta suka leƙo. Ban taɓa jin ɗana ya ce Inna ba. Tin-tin ɗin nan ita ce Innar da na samu.

Ciwon ajalinta ya shigo gidan nan da ƙafafunsa. Ƙanin maigidana ne, mai waldar ƙofofi da tagogi a bakin titi, wanda ya rubuta wa kansa Injiniya a allon shago babu wanda ya naɗa shi. Da aka kawo ni gidan nan da majina na same shi. Ni na yi ta shanya tabarmarsa kowace safiya har muryarsa ta fara buɗewa, in ya manta igiyar shanya ba ta manta ba. Wansa ne ya kai shi koyon walda. Tun da wan ya kwanta dama yake zagaya ɗakin maƙerar nan, wai ƙira ta mutu, wai a ba shi ɗakin ya jera ƙofofi, shi kuma Bebe ya zo shago ya riƙa ɗauko masa ƙarfe. Manyan gida suka ce muddin ana ƙira a ɗakin babu mai taɓa shi. Ya ji wannan muddin ɗin da kyau.

Ya bari sai da na tafi dubiya asibiti, ya zo ya kwatanta wa ɗana cewa aron Gajera na yini ɗaya yake so. Ɗana mai kunyar baffansa ne, da hannunsa ya taya shi ɗora ta a baro. Abin da ya biyo baya mai facin taya na gefen shagon ne ya gaya mini, a idonsa aka yi. Sandan babbar mota ne da ya lanƙwashe, sanyi ƙalau ko wuta bai gani ba, aka ɗora a gefen fuskarta, ƙarti biyu suka hau ta da babbar guduma har ta tsage. Sai Injiniya ya ɗauko walda ya bi kan tsagar a sanyaye, babu gurzawa, babu gawayi, kamar mai lasar leɓe. Don ta yi saurin ɗaukuwa kuma ya kwara mata bokitin ruwa. Mai faci ya ce daga inda yake zaune ya ji ƙas. Aka cike ramin da abin da masu gyaran jikin mota suke cike lotsa da shi, aka shafe ta da fenti ruwan azurfa.

Ya dawo da ita yana washe haƙora. Ya ce, "Matar Yaya, kin ga na mayar miki da ita amarya." Na ce, "Wane mahaukaci ne ya taɓa shafa wa uwar maƙera fenti?" Ya ce, "Zamani ne, ke dai ba ki sani ba." Ya yi lissafinsa sarai: ɗaya kurma ne, ɗaya ido ɗaya gare ta. Ya manta kunnena biyu ne.

Ranar Talata ɗana ya hura wuta. Ina wanke-wanke na ji dub, kamar an doki jiƙaƙƙiyar katifa. Na ajiye kwanon na tashi. Daga bakin ƙofa na gan shi ya tsaya yana duban wuyan hannunsa, yana tsammanin ƙarfinsa ne ya ragu. Sai ya ɗaga masaba sama ya sauke da duk abin da ke jikinsa. Fuskar ta rabu, wani yanki ya tashi ya yage masa ƙwauri har ƙashi. Ya zauna a ƙasa jini yana bin ƙafarsa, ya miƙa hannu ya bugi abin da ya rage, yana kirana. Dub-dub. Ina tsaye a bayansa. Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Ta rasu ta bar masaba da awartaki a jingine, da zugazugi da numfashinsa ya tsaya. Ta bar kututture da shatin gindinta a kai. Ta bar fartanyoyi da lauje rabin aiki ga damina ta ƙarato, masu su sun fara zuwa suna ɗauka ba sa kallon idona. Ta bar ɗana a kan tabarma da ƙafa a naɗe, yana buga gwiwarsa da yatsu biyu, da matarsa da 'ya'yansa, da ni. Ta kuma bar wanda ya kashe ta cikin ƙoshin lafiya. Washegari ya zo dubiya da tef ɗin awo yana leƙowa daga aljihunsa, kuma ƙofar ɗakin maƙera ya fi kallo a kan ƙafar ɗan wansa.

Na kai magana wajen babban wan su Injiniya. Ya ce in yi haƙuri, ƙarfe ne, kada in ɓata zumunci, tunda kuma yanzu ba a ƙira a ɗakin sai a zauna a duba. Na ce masa shi ma zumuncin fenti aka shafa masa, ya ƙwanƙwasa ya ji.

Ba ban haƙuri nake so ba, an ba ni har ya ishe ni. Injiniya ya nemo gangar jiki da fuska da ƙaho masu kaurin na marigayiya, ya kawo tsakar gidan nan. Ba zan bar hannunsa ya taɓa walda ba, mai waldar tsallaken titi ya ce zai yi. Shi kuma Injiniya shi zai zauna kan zugazugi, shi zai riƙe awartaki, ya ji yadda ake kawar da kai. In ta huce a toka ɗana zai buga, ni zan saurara. Sannan Injiniya ya faɗa a gaban 'yan uwansa cewa ɗakin ba nasa ba ne.

Game da jana'iza: ba za a yi mata salla ba, ƙarfe ce, ni ba mahaukaciya ba ce. Ba kuma za a wanke ta ba, da fentinta za ta tafi. Ranar Asabar da safe za a ɗauke ta a baron da ya kai ta ga ajalinta, a ajiye a bakin titi daidai ƙofar shagon Injiniya, wurin ba na ubansa ba ne. Nan zan shimfiɗa tabarma in karɓi gaisuwa kullum, daga buɗe shago zuwa rufewa, har ranar da sabuwa ta ce tin a gidana. Duk mai zuwa ta'aziyya, musamman wanda ya zo a yi masa ƙofar da zai kwana a bayanta da iyalinsa, za a ba shi guduma ya bugi gawar ya ji aikin mai shagon. Daga nan in yana so ya shiga ya ba da awo.

Kada kowa ya kawo abinci. Ku zo da kunnuwanku, guduma muna da ita. Ɗana ne zai riƙa miƙa muku. Shi ba zai ji ba, fuskokinku zai kalla.