Ranar da Na Mayar da Waƙar Amarya ta Albasa

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na yi tafinta wa wani Bature mai rangadi, lokacin Nasara ba su daɗe da zuwa ba. Daga Jega muka sauka Aliero, garin da nake neman auren Hajo, ɗiyar liman. Sai dai dattijon bai gama yarda da mai bin Nasara ba.

Da la'asar muka bi ta bayan wani gida ana sa amarya a lalle. Tsofaffi na ta rera irin waƙar nan da suke koya wa amarya sha'anin ɗakin miji, kuma ba sa sakayawa, komai da sunansa suke kira. Kowa ya san al'ada: namiji in ya ji, sai ya kurumce ya ƙara sauri. Baturena kuwa ya ja linzami ya tsaya cak.

Ya ce in fassara. Na dubi gabas, na dubi yamma, sai idona ya faɗa kan fadama. Na ce ai waƙar noman albasa ce, roƙon albarka suke yi. (Ni da ko kunyar ƙarya ban ji ba, har da ƙarin bayani kan ban ruwa.) Ya ji daɗi, ya yi ta bin amshin har ya zauna masa a baki. Kwana na yi ina juyi a kan tabarma.

Washegari dattawa suka taru gaishe shi, liman a gaba. Bature ya miƙe wai zai yi wa albasarsu fatan alheri da harshensu. Na ja masa riga, ya make hannuna. Ya rera waƙar nan tiryan-tiryan, har da rausaya kai. Wani tsoho ya cusa rawani a baki. Liman ya sunkuyar da kai ya ce, "Wa ya koya mai wagga magana?"

Bature ya dafa kafaɗata cike da alfahari.

Liman ya dube ni, ya ce, "Yaro, kai da ka koya ma baƙo wannan, mi za ka koya ma ɗiyata?" Kafin magariba an mayar wa baffana goron neman auren da ya kai.

Tun daga ranar, ko Gwamna ne ya tambaye ni abin da mata ke rerawa, amsata ɗaya ce: ranka ya daɗe, ban ji ba.