Aljanin da ke Shan Batir

Tun da ya rufe shagonsa na gyaran agogo, tsohon ya tsiri wata 'yar al'ada. In jikarsa ta dawo daga makarantar koyon jinya ta ajiye babur a gareji, makulli a jiki, sai ya jira ta shige ciki, ya kunna fitilar babur ɗin, ya ja kujera gabanta, ya buɗe cikin wani agogo. Hasken taga ya daina isarsa, amma bai faɗa wa kowa ba.

Ran jarrabawarta ta ƙarshe, ta danna sitata, babur ya ce ƙas, ya yi shiru. Ta juya wajen kakanta.

"Ina kwana, mijin da ba ya cefane?"

"Lafiya lau, amarya. Na ji dokinki ya yi atishawa ya mutu."

"Karo na huɗu ke nan, kuma sabon batir ne. Ƙarfe tara ake rufe ƙofar jarrabawa."

"Nauyi ne. Tun da kika fara haɗawa da rabona na tuwo yake kuka."

"Ni da iska ke ɗauka? Fuskarka dai ya gani ya suma."

Tsoho ya kawo sukudireba, ya kwance murfin batir a hankali kamar likitan fiɗa. Ya taɓa waya, ya girgiza kai.

"Ba ya caji. Ko kuma aljanu ne ke hawansa bayan idonki."

"Bakanike ya auna jiya. Ya ce caji lafiya lau, a gida ake shanye wutar."

"Bakaniken zamani. Da za su auna ki, cewa za su yi kina da hankali."

Ta sunkuya gaban taya, ta tsinci wani abu, ta ɗaga masa.

"Aljanin nan, agogo yake gyarawa? Ga hannun minti ya yar."

Tsoho ya ƙura ido. Yatsu kawai ya gani.

"Ɗan koyo ne, ki ƙyale shi. Wataƙila yana da iyali."

"Ga sawun kujerarsa ma, daidai gaban fitila."

"Mai tsafta ne ke nan, ba ya zama a ƙasa."

Ta hau, ta buga kik sau uku, babur ya tashi.

"Ka gaya masa jibi zan goya shi zuwa asibitin ido. In ya ƙi, a raba auren, in nemi mai gani."

"Mai gani ba zai ɗauke ki ba," ya ce, dariya ta ƙwace masa. Ya kwance agogon hannunsa ya miƙa mata. "Ungo toshiyar baki. Yana gaba da minti goma, daidai da halinki."

Ya mayar da murfin da lalube, noti uku suka shiga. Ta duba agogon, ta ja babur ta fita.

Noti na huɗun yana tafin hannunsa.