Ranar da Na Watsa Ƙauyen su Ramatu

Ina shirin tseren dogon zango na Yamai, zuciya ta raya mini in yi gudun gwaji daga Filinge har ƙauyen su Ramatu, yarinyar da nake nema. A raina har na hango ta a bakin rijiya tana miƙo mini ruwa, idanunta cike da ƙauna.

Na manta cewa a ƙauye babba ba ya gudu sai da dalili.

Na shiga garin ƙirjina na cin wuta. Mahaifinta ya zabura daga tabarma: "Yaro, mi ya koro ka?" Haki ya hana ni magana, sai na nuna bayana, wai daga can na fito.

Nan take gari ya watse, mata suka zubar da tuluna. Ni kuwa na ɗauka rakiya suke mini, har ina ɗaga musu hannu. Tsohon ya wuce ni da sandarsa kamar ina tsaye.

Sai cikin gonakin hatsi gaskiya ta fito. Ya ƙare mini kallo ya ce, "Da a ce da gaske wani abu ya koro mu, da kai za a fara kamawa. Ban ba ka ɗiyata."

Ramatu ta yi aure bara. Har yau in ta hango ni a kasuwa sai ta ɗaga murya: "Malam, mu zauna ko mu ruga?"