Ranar da Na Koya wa Baba Manu Ajiyar Albasa

Har gobe ban manta da shekarar da aka tura ni aiki Gwandu ba, ba da daɗewa da ba mu Jihar Kebbi ba. Na dawo daga kwas na wata uku kan raya ƙananan sana'o'i, da takardar shaida da jaka mai makulli, ina jin duk ƙasar ba wanda ya kai ni sani. (Ni da ko tattasai ban taɓa dasawa ba a gidanmu na Kalgo!)

A Masama na haɗu da Baba Manu, dattijo mai noman albasa. A rudu yake ajiye ta, wato gadon kara da rufin ciyawa, har damina ta faɗi ta yi daraja. A shekarar burinsa ɗaya: ya sayar ya sayi injin ban-ruwa, don bayansa ya gaji da jan ruwa da jigo.

Na kalli rudun na taɓe baki. Na ce wannan aikin da ne, a zuba ta a buhunan leda, a jera a ɗakin kwano, a liƙe ko'ina saboda ɓera. Kaico, abin da aka koya mana kan masara ne na ɗora wa albasa.

"Ɗana," in ji shi, "albasa iska taka so."

"Baba, ai ilimi ya wuce nan."

Ya dubi jakata. Wallahi jakar ce ta ci shi, ba maganata ba. Haka ya kwashe albasar duka ya zuba a buhunan, ya kulle ɗakin.

Bayan wata biyu na gayyato shugabana daga Birnin Kebbi, na cika bas da manoman Kalgo su zo su ga ajiyar zamani. Na yi jawabi har da ɗaga yatsa. Sannan na karɓi makulli, na buɗe ƙofar da hannuna.

Wayyo Allah! Wari ne ya fara fitowa, sai baƙin ruwa ya biyo ta ƙasa ya malale takalman shugabana. Buhunan sun kwanta sun yi laɓo, ƙudaje ko ta ina. Wani daga baya ya ce, "To, mun ga zamani." Aka kwashe da dariya, ana toshe hanci. Ni kuwa ina tsaye da makulli a hannu, gumi har cikin ido.

Shugabana ya juyo zai wanke ni da faɗa, Baba Manu ya tare shi.

"Ranka ya daɗe, ƙyale shi. Ni da na san ta shekara arba'in, ni na ɗauko ta na zuba."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Dariyar na shanye ta cikin mako guda, amma wannan maganar har yau tana ci na. Bai sayi injin ba a shekarar, bai saya ba a ta gaba. Duk ranar da na bi ta fadamar Masama na hango shi sunkuye yana jan ruwa, sai in kau da kai in ƙara wa babur wuta, ko sallama ba na iya yi.

Na yi shekaru ina ba masu sana'a shawara bayan nan. Amma ko mai ƙosai aka kai ni wurinta, sai na tsuguna na tambaye ta yadda take yi kafin in buɗe baki, don na gane in shawarata ta ruɓe, ba a ɗakina take ruɓewa ba.